Mun yi wa bango ƙunshi

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Na yi makarantar horon malamai a Tawa, yanzu ina karantar da manya a Malbaza. Yau labarin ɗakina na kawo muku. Amma ku jawo kaye da fensir kusa, don lissafi zai shigo ko ba mu gayyace shi ba.

Wanda bai san Malbaza ba, gari ne a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Ƙonni, ta nufi Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1960 ake yin siminti a nan. Da aka turo ni aiki a 2022, na samu hayar ɗaki ciki da falo a gidan wani dattijo, tsohon direban babbar mota. Ɗakin na siminti ne. An shafe bangon sumul, an yi masa farin fenti tun da daɗewa, har farin ya koma ruwan toka.

Ranar da ya ba ni makulli, dattijon ya riƙe shi a hannu tukuna, ya ce: "Malam, abu biyu ban yarda da su ba a ɗakina. Ƙusa da fenti." Na tambaye shi dalili. Ya ce wanda ya fita kafin ni ya shafa wa falo wani fenti mai duhu, ya huhhuda bango da ƙusa kamar rariya, ya tashi da dare bai biya wata biyu ba. Gyaran ya ci masa kuɗin hayar wata huɗu. Na ce: "Baba, na ji, na yarda." A lokacin ban ga wata wahala a cikin maganar ba.

Mai ɗakina ɗiyar wani ƙauye ce kusa da Badagishiri, cikin ƙasar Illela. Ta zo da jerenta, kamar yadda kowace ɗiyar mutunci ke zuwa. Kwanoni da tasoshi da farantai, wasu masu fure, wasu masu murfi, an jera su cikin kabad mai gilashi a bangon da ke bayan gado. Ku mata kun fi ni sanin jere. Uwa kan fara tara shi tun yarinya ba ta iya ɗaura zane ba. Yau kwano ɗaya daga kuɗin ƙuli-ƙuli, gobe tasa ɗaya daga kuɗin fura. Shi ne adon ɗaki, shi ne kuma asusun mace. Baƙuwa in ta shigo, kafin ta gama sallama idonta ya ƙirga shi.

Mu maza kuwa ba mu cika kallonsa ba. Ni dai shekara biyar ina kwana a gabansa, in da an tambaye ni kwano nawa ne, da na ji kunya.

Sai 2023 ta zo. Kun tuna yadda aka rufe iyaka tsakaninmu da Najeriya daga farkon watan Agusta na shekarar, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Mu mutanen Ƙonni da Malbaza mun ji a jikinmu, don rabin abin da muke saye ta Illelar Najeriya yake shigowa. Komai ya hau. Ga damina ba ta ƙare ba, sabon gero bai shigo ba. Ana cikin haka tsohuwata ta kwanta ciwo. Muka kai ta asibitin Galmi, aka yi mata aiki, Allah ya ba ta lafiya. Amma aljihuna ya ƙare tun kafin a sallame ta.

Wata ranar na dawo daga Galmi da la'asar, na tarar da ɗaki ya yi faɗi. Babu kabad. Mai ɗakina ta kira dillaliya, ta sayar da shi, da kwano da tasa 18 a cikin 30. Sauran 12 ta zuba su cikin kwali ta tura ƙarƙashin gado. Ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta miƙo mini, ta ce: "Malam, a kai wa Inna magani." Ban roƙe ta ba. Ban kuma hana ta ba, wannan ita ce gaskiya. Na karɓa, na fita da sauri don kada ta ga idona.

Abin da kabad ya bari shi ne tabo. Inda ya tsaya bango bai yi datti ba, sai ya zama wani fari mai kusurwa huɗu a tsakiyar ruwan toka. Kowace safiya in na buɗe ido, shi nake fara gani. Duk wanda ya shigo ya san an ɗauke wani abu daga nan.

To, a lokacin tana da ciki na biyu. Na fari a gidansu ta haife shi, kamar yadda aka saba. Wannan kuwa a ɗakinta za a yi suna. Danginta za su cika mota daga Badagishiri. A cikinsu akwai gwaggonta, wadda ta jera kwanonin nan da hannunta ranar buki. Mai ɗakina ba ta ce mini komai ba. Sai dai na lura ta daina barin maƙwabta su wuce falo.

Na ce a raina, in ban iya mayar da kabad ba, ai na iya rufe tabo. Ranar Laraba, kasuwar Ƙonni, na je wurin wani mai fenti. Ya yi lissafin bokiti da buroshi da ladan aiki da kuɗin motarsa, ya ce jikka 25. Ni kuwa jikka 3 ke aljihuna.

A nan ne shaiɗan ya zo mini da shawara. Cikin ɗalibaina akwai wani mai sayen albasa yana lodi zuwa kudu. Mutumin kirki ne, yana girmama ni. Na san in na buɗe baki zai ba ni. Amma ni ne na tsaya gaban allo a bara na yi musu darasi a kan bashi. Na rubuta musu da alli: bashin taki daban, bashin buki daban, na fari yana biyan kansa, na biyu kai yake ci. Shi wannan ɗalibin ma shi ya karanta layin da ƙarfi, aji ya tafa masa. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne. Amma malamin da ɗalibinsa ke binsa kuɗi, da wane baki zai ce masa ya makara?

Duk da haka na yi niyya. Na je wurin mai gida in roƙe shi ya janye dokar fenti. Ya saurare ni har na gama, ya ce: "Malam, na tausaya maka. Amma in na buɗe maka ƙofa, sauran ƴan haya ukun nan da me zan rufe musu?" Na fito ina jin haushinsa. Yau kuwa ina yi masa addu'a, don shi ya raba ni da bashin jikka 25.

Mai ɗakina tana da sana'a. Tana yi wa amare da ƙawayensu ƙunshi. Ku tsofaffi kun san ƙunshin dā, a dama lalle a lulluɓe ƙafa da hannu gaba ɗaya, a ɗaure da ganye da tsumma. Na yanzu da salatef ake yi. Ta kan manna baƙin salatef a bayan faranti, ta sa reza ta yayyanka shi sirara-sirara, wani kamar tsinke, wani kamar haƙorin zarto. Ta ɗauko ɗaya ɗaya ta jera a ƙafar amarya. Sai ta shafe da lalle, ta ɗaure da leda. In lalle ya kama aka ɓare salatef, inda ya rufe ya fito fari, sauran ja. Sau ɗari na ga tana yi a tsakar gida, ban taɓa tsayawa na duba ba.

Daren da na dawo daga wurin mai gida, tana zaune da farantinta tana yanka. Na gaya mata yadda muka yi. Ta yi shiru, reza na tafiya. Can ta ce: "Malam, Baba ya hana ƙusa, ya hana fenti. Ya hana salatef?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Bari in ɗan tsaya a kan sunan abin, don mu mutanen bakin iyaka suna biyu muke kiransa. Masu zuwa Sakkwato na cewa salatef. Yaran lakkwal na cewa sikoci. Duka biyun sunayen kamfani ne. Sikoci daga Scotch ya fito. Wani Ba'amurke mai suna Richard Drew, ma'aikacin kamfanin 3M, shi ya ƙago irin na takarda a 1925, don masu fentin mota su riƙa rufe inda ba su son fenti ya taɓa. A 1930 ya fito da mai haske kamar gilashi. Salatef kuwa daga Sellotape ne, wanda aka fara yi a Ingila a 1937. Wanda mata ke ƙunshi da shi na masu gyaran wuta ne, na roba mai taushi, da ake naɗe wayar lantarki. Shi ne kuma ƴan kabu-kabu ke yi wa babur ado da shi. Akwai baƙi, da ja, da shuɗi, da kore, da rawaya, da fari. Kun ga ashe tun asali aikinsa ke nan, raba launi da launi. Mata ba su saɓa hanya ba da suka kai shi ƙafar amarya.

Washegari na koma wurin mai gida da guntun salatef. Na manna a bangon zaure a gabansa, na ɓare. Ya shafa wurin da yatsa, ya kai ido kusa, ya ce: "Wannan ba ruwana. Amma ranar da za ka tashi, yadda na ba ka bangona haka za ka ba ni."

Sai zancen zane. Ni na so dagi, irin wanda na gani a fuskar tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram. Na zana a kaye, ya yi kyau. Mai ɗakina ta duba ta ce salatef ba ya son lanƙwasa, in ka tilasta masa sai ya tattare. Miƙaƙƙen layi yake so. Ta ce mu yi idon raga, gida-gida masu kusurwa huɗu, kowane yana tsaye a kan tsininsa, irin wanda kakarta ke ƙonawa a bayan ƙwarya.

Na ce wannan ai zanen ƙauye ne. Ta ce: "Masallacin Yama a birni yake?"

Na rufe bakina. Yama ƙauye ne a ƙasarsu. Masallacin Juma'arsa da laka aka gina shi, an fara a 1962, maginin garin Falke Barmu ya jagoranci aikin, mutanen gari suka kawo ƙasa da ruwa da itace. Daga baya suka ƙara masa hasumiya huɗu, kowace da irin adonta. A 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan, wadda ake bai wa gine-gine mafi kyau a ƙasashen Musulmi. Ni a littafi na karanta haka. Ita tun tana yarinya take wucewa ta gindinsa.

Yanzu ga lissafin, ku bi ni a hankali. Mai ɗakina ta yi ajin mata na shekarar 2023, ta iya rubuta lamba, ta iya tarawa da ninkawa. Na ce ita za ta riƙe kaye, ni in riƙe metir. Ba ɗakin duka za mu yi ba. Bango ɗaya tak, na bayan gado, shi ma daga saman gado zuwa sama.

Muka auna fili mai faɗin metir 3, tsawo metir 1 da santimetir 40, yadda zai haɗiye tabon kabad. Kewayensa: 3 da 3 shida, 1,40 sau biyu 2,80. Jimla metir 8,80. Wannan shi ne layin waje. Muka shiga ciki da santimetir 10 ta kowane gefe don layi na biyu. Ya zama faɗi 2,80, tsawo 1,20. Kewayensa metir 8 daidai.

A cikin wannan fili za a zuba idon raga. Kowane ido faɗinsa santimetir 40, tsawonsa 40. To, 40 sau nawa za ta shiga 280? Sau 7. Sau nawa za ta shiga 120? Sau 3. Ido 7 a jere, jeri 3, ido 21 ke nan. Muka zana ido ɗaya a ƙasa muka auna gefensa, ya ba mu santimetir 28 da ɗan kai. Gefe huɗu, metir 1 da santimetir 13. Sau 21, kusan metir 24. In an tara 24 da 8 da 8,80, an samu kusan metir 41.

Ita ta fara samun amsar. Ni na manta da ajiye ɗaya a wajen tarawa, ta nuna mini da bakin fensir ba ta ce komai ba.

Naɗin salatef da muka saba saye an rubuta yadi 10 a takardarsa. Yadi bai kai metir ba, santimetir 91 ne. Wato naɗi ɗaya metir 9 ne da kaɗan. Biyar za su isa a lissafi, amma akwai ɓarna, akwai kuma launi. Muka sayi 7: baƙi 2, ja 3, rawaya 2. Kowane dala 50. Dala 350 ke nan, jikka ɗaya da dala 150. Wata shawara: in kun saya, ku warware ɗaya ku auna. Cikin namu akwai wanda ya gaza abin da aka rubuta da kusan kamu biyu.

Ranar Asabar ta tafi awon ciki. Na ce bari in ba ta mamaki. Ai ni ne mai takardar shaida. Na hau kujera, na kama bakin salatef, na ja shi tun daga wannan kusurwa har waccan, na ja da ƙarfi don ya miƙe sosai. Kafin azahar na gama layin waje da na ciki da jeri ɗaya na idon raga. Na sauko na tsaya a bakin ƙofa ina yaba kaina.

Da ta dawo ta duba, ta ce: "Sannu da aiki, Malam." Daga nan ba ta ƙara ba.

Cikin dare na ji wani abu ya faɗo mini a fuska, mai sanyi, mai tsawo. Na zabura na yi tsalle ina salati, na ɗauka maciji ne. Yaro ya farka yana kuka. Da na kunna cocila, sai ga layin sama ya saki, yana reto a kan gidan sauro. Kafin gari ya waye rabin aikina na ƙasa, ya naɗe ƙura da gashi, ba ya moruwa. Naɗi biyu sun tafi a banza, dala ɗari.

Da safe, bayan ta ba yaro koko, ta ce: "Malam, in ba za ka ji haushi ba." Na ce ta faɗa. Ta ce kuskurena uku ne.

Na fari, ban wanke bango ba. Lokacin hunturu ne, ƙura ta kwanta a kansa ko ido bai gani ba. Ta ce ko amarya sai ta wanke ƙafa da sabulu ta bushe, in da mai ko ƙura salatef ba ya zama. Na biyu, na ja shi. Roba ce, in ka ja ta sai ta koma inda ta fito, ko da sannu, ta tumɓuke kanta. Ɗora shi ake yi, a bi shi da yatsa. Na uku, na yi dogon layi da yanki ɗaya. In baki ɗaya ya saki, nauyinsa zai janye sauran. Gajere-gajere ake yankawa, kada ya wuce kamu ɗaya, kowane ya ɗan hau kan ɗan'uwansa.

Na ce me ya hana ta faɗa jiya. Ta ce: "Jiya da na faɗa, da ba ka ji ba."

A makarantar horon malamai an koya mana cewa babba ba ya zuwa aji da kai wofi, yana zuwa da abin da ya sani, aikin malami ya nemo shi. Na rubuta wannan a jarrabawa, na ci. Ga shi a ɗakina ban nemo ba.

Muka sake daga farko. Na wanke bango da tsumma da ruwan sabulu kaɗan, na bi da ruwa mai kyau, muka bar shi kwana ɗaya ya bushe. Wankin ma kaɗai ya rage tabon. Na ƙaro naɗi biyu. A nan ni ma na kawo nawa. Don layin tsaye, na ɗaura dutse a zare na sake shi, inda zare ya tsaya nan ne daidai. Don layin kwance, na shafa wa zare alli, muka ja shi ni da ƙanena, na ɗaga tsakiya na saki, ya bar farin layi a miƙe. Don kusurwa na yi dabarar magina: auna 60 a gefe ɗaya, 80 a ɗayan, in tsakanin bakin biyun ya ba da 100, kusurwa ta tsaya. Muka ɗiga alama da fensir kowane santimetir 20.

Ita tana zaune a tabarma da faranti da reza, tana yanka 28, 28, tana miƙo mini. Ni ina kan kujera ina ɗorawa daga alama zuwa alama, ina murzawa da bayan cokali. Layin waje baƙi, na ciki rawaya, idon raga ja. Da muka gama ta ce tsakiyar idanun ta yi wofi. Ta yanka ƙananan tsinke na rawaya ta gicciye su kamar tauraro, irin na ƙunshi, ɗaya a kowane ido. Wannan ba ya cikin lissafi, amma shi ya fi komai kyau. Yamma uku muka yi. Duk guntun da ya faɗi sai ta tsince, da rezar ta kulle a gwangwani, saboda yaro na kai komai baki.

Ta sauka lafiya a watan Janairu na 2024, ɗiya mace. Ranar suna mota ta zo daga Badagishiri. Ina waje wajen maza ina raba goro, amma kunnena na ciki. Na ji guɗa. Na ji wata na cewa takardar bango ce daga Kano, wata na cewa a'a fenti ne, har sai da aka ba ta izini ta taɓa.

Da la'asar aka ce gwaggo na kirana. Na je na durƙusa a bakin ƙofa, kaina ƙasa. Ta amsa gaisuwa, ta yi addu'a ga jaririya. Sannan ta ce: "Malam, bango ya yi kyau ƙwarai. Ina kwanonin ɗiyata?"

Ɗaki ya yi tsit. Mai ɗakina ta buɗe baki za ta ce wani abu, na san rufa mini asiri za ta yi. Na riga ta. Na ce: "Gwaggo, an sayar. Kabad da kwano 18. Tsohuwata aka yi wa magani da kuɗin. Bashi ne a kaina, zan mayar." Ta daɗe tana kallon bangon. Ta ce: "Da ka ce mini suna wurin gyara, da yau da ita zan koma. Tunda ka faɗi gaskiya, Allah ya hore maka. Amma a rubuta." Ta juya wurin ɗiyarta: "An ce kin iya rubutu yanzu. Rubuta." Mai ɗakina ta jawo kayen da muka yi lissafin bango, ta buɗe sabon shafi, ta rubuta a gaban mata: kabad 1, kwano 18.

Tun daga ranar ɗalibai da yawa sun tambaye ni ko za su iya yi a ɗakunansu. Ga abin da na gani da idona. A bangon siminti mai santsi, musamman mai tsohon fenti, yana zama. A bangon laka ba ya zama, ko an yi yaɓe mai kyau. A kan farar ƙasa ma haka, garin yake kwasowa ya faɗo da shi. Wani ɗalibina na wajen Dogarawa ya manna nasa a kan falankin katako ya jingina a bango, ya yi kyau. Wani ya yi a kan kwali, bayan wata biyu kuɗin cizo suka yi gari a bayansa. In za ku yi haka, ku riƙa ɗagawa kuna sharewa. Kada kuma a yi shi kusa da fitilar kananzir ko murhun gawayi, roba ce.

Mai ɗakin laka kuwa, ni a ganina kada ya ɓata dalarsa. Da na kai wa tsohuwata hoton bangon a waya, ta duba ta ce su da yatsa suke yin wannan tun yaɓe na ɗanye, su bi da farar ƙasa da jar ƙasa, a sa ɗan ƙaro a ruwan don ya kama. Ta ce nasu ba ya faɗo wa mutum a fuska da dare. Ban san wanda ya kai mata wannan labari ba.

Saura zafi. Bayan ƙaramar salla ta 2024 rana ta buɗe, irin zafin Afrilu da kuka sani, wanda ke wuce awo 40. Ɗakin rufin kwano ne. Layin sama, na kusa da rufi, ya fara zamewa, danƙonsa ya narke ya bar baƙin sawu. Na ƙasa bai motsa ba. Mun ci sa'a bangon ba ya fuskantar yamma, da abin ya fi haka. Gabana ya faɗi saboda alkawarin da na yi wa mai gida. Na buɗe taga, na ɗiga kananzir kaɗan a tsumma na goga a wani lungu don gwaji, na bi da ruwan sabulu. Ya fita tas. Muka sake layin da sabon naɗi. Yanzu mun san kowace bazara sai mun canza na sama, dala 50 zuwa 100.

Mai gida ya shigo ganin jaririya, ya tsaya gaban bangon hannu a baya. Ya sa farce ya ɗaga bakin wani yanki, ya leƙa ƙarƙashi, ya mayar ya danna. Ya ce ɗiyarsa ta ƙarshe za ta tare bayan babbar salla, ɗakin mijin na siminti ne, ko Malama za ta je ta duba. Ita ya ce, ba ni ba.

Ta je, da metir da kaye. Ta yi wannan, ta yi wasu biyu a Gidan Idar. Kuɗin aikinta nata ne, ba ya shiga lissafin bashina. Ni kuwa duk wata in an biya mu, sai in biya ta kasuwar Ƙonni in sayo kwano ɗaya, wani watan biyu, wani watan babu. In na kawo, ta duba murfi, ta ƙwanƙwasa gindi, sannan ta soke lamba a kaye ta rubuta sabuwa. Kabad ya dawo bara, amma a falo muka ajiye shi, ta ce ba za a rufe mata bango ba. Jiya na leƙa shafin. Saura kwano 4.